Kifin Da Ba Shi Da Ido

Ya ku 'yan makaranta, ran da aka fara ba mu labarin kifin kogo, tausayinsa muka ji, har muka ce, "Kaico, rai ba ido!" Ashe gaggawa muka yi.

A shekarar 1936 aka sami wannan kifi cikin wani kogo a ƙasar Meksiko, inda hasken rana ba ya kaiwa. Tsawonsa kamar na yatsa ne, jikinsa fari-fari, fata ta rufe gurbin idonsa. 'Yan'uwansa na kogi kuwa idanunsu garau. Abin al'ajabi, tun yana cikin ƙwai ido yakan fara tsiro masa, sa'an nan ya shanye.

Ga abin da masana suka lura. Ido yana cin rabonsa daga abincin da jiki ya samu, a kogo kuwa abinci wuya gare shi, sai kashin jemagu da abin da ambaliya ta koro. Cikin dubban shekaru, waɗanda ba su ɓata ƙarfi a kan ido ba su suka fi wanzuwa. A maimakonsa, kifin ya fi 'yan'uwansa jin motsin ruwa a jikinsa, ya fi su ɗanɗano, ya kuma fi su tara kitse saboda ranar yunwa.

To, da za a kai mu can a kashe fitila, mu masu ido mu ne abin tausayi. Tun daga nan muka daina raina makahon unguwarmu, wanda ya san hanya da sanda da kunne.