Gandayen Taba a Bakin Kogin James

Mai karatu, in Allah ya kai ka jihar Virginia ta Amurka, ka bi hanya mai lamba 5 daga Richmond zuwa Williamsburg. Za ta ratsa da kai gundumar Charles City, inda tsofaffin gandayen Turawan Ingila suke jere a bakin kogin James.

Ka fara da gandun Shirley, wanda aka kafa a 1613, aka kammala babban gidansa a 1738. Gaba kaɗan sai Berkeley, gidan jan bulo na 1726, inda aka haifi William Henry Harrison, shugaban Amurka na 9.

Taba ce ta kawo wannan daula, har da ita ake biyan haraji a zamanin. Amma masu dasa ta, masu tsince mata tsutsa, masu shanya ta su danna a ganguna zuwa Ingila, bayi ne 'yan Afirka da jikokinsu.

Gidajen bulo suna nan daram, bukkokin bayi kuwa galibi sun ɓace. In mai zagayawa da ku ya gama nuna hotunan iyayen gida, ka tambaye shi inda bayin suka kwana, da inda aka binne su. In da yara kuka je, bari su ji amsar da kunnensu.