Wai mun ɓata kalmar gareji

1/ Satin da ya wuce a aji na ce Babana yana da gareji a Funtua. Wata ta kwashe da dariya, wai "garaaj" ake cewa, mu ’yan ƙauye mun ɓata Turanci. Na yi shiru, amma abin ya tsaya min a rai. Sai na je na bincika.

2/ Ashe kalmar ma ba ta Ingila ba ce, ta Faransa ce. Daga garer ta fito, wato a killace abu a gefe inda ba abin da zai same shi. Tun ba a ƙera mota ba suke faɗinta a kan jiragen ruwa da na ƙasa.

3/ Sai wajen 1902, da motoci suka fara yawa, Ingila ta aro ta. Denmark ma ta ara, rubutu iri ɗaya, amma su kamar "garaashe" suke faɗi. Ba wanda ya kira su ’yan ƙauye.

4/ Ga inda abin ya yi min daɗi. Mutanen Ingila da yawa "garij" suke cewa. Daga bakinsu muka ɗauka, muka ƙara wasali a ƙarshe kamar yadda muka yi wa bokiti da burodi. Nata "garaaj" ɗin na Amurka ne, na fim.

5/ A Ingila tana nufin ɗakin ajiye mota, tana nufin wurin gyara. Mu na biyun muka riƙe. Namu ma ba ɗaki, fili ne ƙarƙashin dalbejiya, ƙasa duk baƙin mai. Gab da damina taraktocin Bakori da Malumfashi ke layi, da kaka kuma motocin da ke ɗauko masara daga kasuwar Dandume. Daga nan kuɗin makarantata ke fitowa, shi ya sa dariyar ta yi min zafi.

6/ A Legas kuwa in aka ce garage, sau da yawa tasha ake nufi. Su ma ba su yi kuskure ba, don gare, tashar jirgi da Faransanci, tushensu ɗaya.

7/ Na kira Baba na zayyana masa duk wannan. Ya saurara tsaf, sannan ya ce, "To ai shi ya sa Fijo ba ta taɓa ba ni wahala ba. Yaushe za ka zo hutu? Aiki ya yi yawa."