Inda Ruwa Ya Yi Yawa: Zaman Wani Gida a Tsibirin Biyoko

 Labarin wannan wata na wata ƙasa ce mai nisa, inda ruwan sama ba ya wuya. Wanda ya saba ɗaga kai yana neman hadari zai ce can ne aljannar manomi. To, a saurara a ji yadda wani gida na mutanen jihar Maraɗi suke zaune can. Sa'an nan kowa ya yi nasa lissafi.

Ina ne Biyoko?

Tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta gabas da yamma, kudu da arewa. Mutanen Gaya na bakin kogi sun san irinsa, suna ce masa gungu. Amma Biyoko ba cikin kogi yake ba. Cikin teku yake, ruwan gishiri wanda ba a sha, ba a bai wa shuka. Tsakaninsa da gaɓar Kamaru kilomita 32 ne. Tsawonsa kamar kilomita 70, faɗinsa kamar 30. Wato daga wannan baki zuwa wancan bai kai tafiyar Maraɗi zuwa Tasawa ba.

Tsibirin yana cikin ƙasar Gine Ekwatoriyal. Ba Ginen Konakiri ba ce, wata ce daban. Turawan Sifaniya suka mallake shi tun 1778. Da can ana kiran sa Farnando Po. Ƙasar ta samu mulkin kai ran 12 ga Oktoba 1968. Babban garin tsibirin shi ne Malabo. Ƴan ƙasa na asali su ne Bubi. Yawancin jama'a Kirista ne. Musulmi kaɗan ne, da yawansu baƙi. Hausawa ƴan kasuwa sun daɗe suna zuwa tun zamanin Turawa.

Bayan Malabo akwai wani dutse, Basile. Tsawonsa ya wuce mita 3,000. Ya fi dutsen Bagzam na Abzin da kusan mita 1,000. Dutse ne mai aman wuta, amma rabonsa da aman tun 1923. Tokar da ya zubar tun da daɗewa ita ta zama baƙar ƙasa mai ƙarfi. Daji ya rufe yawancinsa.

Yadda suka je

Damanar 2011 ba ta yi kyau ba. Maigidan nan ya ɗaure dammunan da ba za su kai gidan ga rani ba. Ya ji labari ana gine-gine a Malabo, don ƙasar tana da man fetur. Ba shi da kuɗin mota. Sai ya jinginar da gonar da ya gada wajen mahaifinsa, ya kama hanya farkon 2012. Ya bi Jibiya, Katsina, Kano, har Kalaba a kurmin Najeriya. Daga nan ya shiga jirgin ruwa. Bai taɓa ganin ruwan da ba a hango ɗaya bakinsa ba sai ran nan.

Ya yi shekara biyu yana ɗaukar bulo da siminti. A 2014 kuɗin man fetur ya faɗi a duniya. Gine-gine suka ragu, aka sallami leburori da yawa. Allah ya haɗa shi da wani dattijo mahauci, Bahaushen Garwa ta Kamaru. Dattijon ya zama mai masaukinsa, ya koya masa gashin tsire. A 2015 ya aika matarsa ta zo da ɗiya biyu. Na ukun can aka haife ta.

Ruwa ba ɗaukewa

A Maraɗi, ruwan shekara yakan kai milimita 500, cikin wata uku ko huɗu. A Malabo yakan kusan milimita 2,000. Wato damana huɗu cikin shekara guda. A kudancin tsibirin akwai wani ƙauye, Ureka, inda ruwan shekara yakan wuce milimita 10,000. Rani kuwa gajere ne, daga Disamba zuwa Fabrairu.

Makon farko uwargida ta yi murna. Ta jera tukwane bakin indararo. Ba zuwa rijiya, ba jan guga gaba 30. Kafin wata guda murna ta ragu. Ta shanya tufafi, kwana uku ba su bushe ba. Gishiri ya jiƙe cikin kwano. Wuƙa ta yi tsatsa. Tabarma ta yi fumfuna. Ɗakinsu na katako ne da rufin kwano, don ginin laka ba ya jure irin wannan ruwa. In ruwa ya sauko da dare, ƙarar kwano ba ta barin mutum ya ji maganar na kusa da shi.

Wani abin mamaki kuma: ruwa ga shi ko'ina, amma na sha sai an kula. A unguwar talakawa famfo ba ya zuwa kullum. Ruwan rafi da na rijiya yakan gauraya da ƙazanta. Uwargida tana tarar ruwan sama cikin duro mai murfi. Wanda yara za su sha sai ta tafasa shi.

Inda ruwa ya kwanta, nan sauro yake ƙyanƙyasa. A nan gida masassarar cizon sauro ta fi ƙarfi da damana. Can kuwa ba ta da lokaci. Shekarar farko ƙaramin yaron ya kwanta sau uku. Tun 2004 akwai wani shiri na yaƙi da sauro a tsibirin. Ana fesa magani jikin bangon ɗakuna, ana raba sange. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta ƙare ba. Gidan nan ba mai kwana waje da sange, babba ko yaro.

Hatsin da ya ƙi

Uwargida ta zo da tiya biyar ta hatsi cikin buhu. Ta ɗebi kaɗan ta shuka bayan ɗaki. Ya tsiro da sauri, ya yi kara, ya yi ganye kore shar. Maƙwabta suka riƙa leƙowa, suna tambaya wace irin ciyawa ce wannan. Da ya fidda kai, ruwa bai ɗauke ba. Zangarniya ta yi baƙi, ta ruɓe tsaye. Hatsi yana son ruwa da fari, yana son rana da ƙarshe. Can ba ya samun ranar.

Ran nan ta ce wa mijinta: "Malam, ashe ruwa ma yakan kashe shuka?"

Ya ce: "Kowace ƙasa da abincinta. Sai mu koyi nasu."

Abincin tsibirin shi ne gwaza, da rogo, da doya, da babbar ayaba wadda ake dafawa. Miya ta manja ce da kifi da barkono. Wata maƙwabciya ƴar Bubi ta koya mata dafa gwaza da kirɓa ayaba. Ita kuma ta koya mata tuyar ƙosai. Ba su jin harshen juna, da hannu suka fara magana. Yanzu in ɗaya ta tafi likita, ɗaya ke duba mata yara.

Abin da suka fi kewa shi ne fura da nono. Shanu ba su da yawa a tsibirin. Zafi da laima da ƙudan tsando ba su barin su yaɗu a gangare. Sai can bisa dutse, wajen Moka inda ake sanyi, ake ɗan kiwo. Nonon da ake samu na gwangwani ne. Kuka, da kuɓewa busassa, da daddawa, sai in wani ya zo daga gida. Uwargida takan ɓoye su cikin kwalba, ta toshe bakin sosai.

Yadda yini yake wucewa

Tsibirin yana kusa da tsakiyar duniya, don haka dare da rana kusan daidai suke duk shekara. Rana tana fitowa wajen ƙarfe 6, ta faɗi wajen ƙarfe 6 da rabi. Azumi can ba shi da ƙishirwa irin ta watan Afrilu a Damagaram. Amma ganin wata yana da wuya, don gajimare. Sai a jira labari ta salula. Alƙibla ma ta fi karkata arewa bisa ga yadda suka saba.

Da asuba maigida yakan tafi neman nama. Yawancin naman gari daskararre ne, daga ƙasashen waje. Kasuwa kuma akwai naman daji iri-iri. Shi ba ya sayen kowanne sai wanda ya san Musulmi ya yanka. Wannan ya fi tsada, ribarsa kaɗan ce, amma masu saye sun yarda da shi. Da la'asar yakan hura gawayi bakin hanya, ƙarƙashin rumfar kwano. Ba ya komawa gida sai tsakar dare.

Uwargida tana tuya ƙosai ƙofar gida da safe. Tun tana ƙauye ta yi karatun manya. Yanzu ita ke riƙe da littafin gida. Shafi ɗaya na abin da ya shigo, shafi ɗaya na abin da ya fita: kuɗin haya, kuɗin lakwal, kuɗin magani, kuɗin takarda. Shafin ƙarshe ta rubuta masa suna: GONA. Duk wata sai ta sa wani abu ciki, ko yaya yake.

Kuɗin can ma sefa ne tun 1985. Darajarsa ɗaya da na Nijar, amma takardun ba iri ɗaya ba ne. Sai an canza kafin a kashe a Maraɗi.

Babban nauyin baƙo shi ne takardar zama. Tana da tsada, kuma sabunta ta ake yi. Wanda ba shi da ita ba ya barci da ido biyu. Ana iya kama shi a kore shi, ya bar kayansa. Cikin waɗanda maigida ya shiga jirgi tare da su, da yawa haka suka koma hannu wofi.

Gonakin da aka bari

In mutum ya bi hanyar Luba, gari na biyu a tsibirin, zai ga tsofaffin gonakin koko. Koko itace ne da ƴaƴansa suke fitowa jikin gungume. Da ƙwayarsa ake yin cakulan. Saboda ƙarancin rana, da wuta ake busar da ita. Zamanin Turawa, dubban leburori daga kudancin Najeriya ke aikin gonakin nan. Wajen 1968 ƙasar tana fidda fiye da tan 30,000 a shekara. A 1975 da 1976 Najeriya ta kwashe mutanenta saboda wulaƙancin da ake yi masu. Gonaki suka rasa hannu. Daga baya aka samu man fetur cikin teku, aka fara haƙa sosai bayan 1995. Samari suka bar ƙauye suka nufi gari. Zuwa 2000 kokon ƙasar bai kai tan 5,000 ba.

Ga ruwa, ga baƙar ƙasa, amma yawancin abincin Malabo cikin jirgi yake zuwa, daga Kamaru da wasu ƙasashe. In jirgi ya makara, kuɗin tumatir da albasa sai ya hau. Maigida yakan tsaya ya dubi gonakin nan da daji ya cinye. Yakan tuna tasa da ke hannun wani.

Ɗiya da gona

Yara sun fi manya saurin sabo. A lakwal suna karatu da Sifaniyanci. A titi suna Pici, wani gaurayen Ingilishi na mutanen Malabo. Da yamma suna zuwa makarantar allo. Hausa sai cikin ɗaki. Wata rana kakansu ya kira ta salula, ya tambayi babban yaron: "Ka iya riƙon hauya?" Yaron ya juya ya ce: "Inna, mene ne hauya?" Daren nan uwargida ba ta yi barci ba.

A 2021 shafin GONA ya cika. Maigida ya aika kuɗin. Aka fanshi gonar gaban mai gari da shaidu, aka rubuta takarda. A 2023 aka mai da babban yaron gida wajen kakansa. Yana zuwa lakwal, da damana yana bin ƙanen babansa gona. Sauran suna can Malabo. Suna cewa in sun tara kuɗin shanun noma biyu da amalanke, za su komo.

Cikin watan Janairu, iskar hunturu takan kai ɗan hazo har tsibirin. Mutanen gari suna rufe taga. Uwargida kuwa takan fito ta tsaya waje. Takan ce wa ƙaramar ɗiyar: "Zo ki gani, ƙurar garinmu ce ta zo gaishe mu."

Mai niyyar tafiya bida, ga abin lura. Maigidan nan ya yi shekara tara kafin ya fanshi gonar da ya jinginar rana ɗaya. Shi ma don ya samu mai masauki na kirki ne, da mata mai rubuta lissafi. Kada a tafi ba takarda. Kada a shiga ƙaramin kwalekwale a ce za a ƙetare teku, don da yawa sun nutse. In za a jinginar da gona, a yi gaban shaidu, a rubuta, a karanta kafin a sa hannu.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya. Allah ya ba da damana mai albarka, ruwa da fari, rana da ƙarshe. Amin.