Abin da Kyamara ta Nuna a Arsenal

A watan Agustan 2022 Amazon ya saki All or Nothing: Arsenal, shiri mai kashi 8 kan kakar 2021/22, wadda ƙungiyar ta kammala a matsayi na biyar, maki 2 kacal a bayan Tottenham.

Inda aka fi ce-ce-ku-ce shi ne lokacin da kocin ƙungiyar Mikel Arteta ya sa aka kafa lasifikoki a filin atisaye, ana kunna waƙar magoya bayan Liverpool don yaransa su saba da hayaniyar Anfield, filin Liverpool. Suka je aka lallasa su 4-0. Abokan hamayya suka samu abin dariya, wasu 'yan Arsenal ma kunya ta kama su.

Ni kuwa tausayi ya ba ni. Na ga mutum da ke tsoron kada matasansa su firgita, yana ta laluben dabara. Mai zaginsa a gidan kallo bai taɓa ganin wannan ɓangaren nasa ba.

Da yawa sun sassauta wa Arteta bayan kallon, musamman kan ƙwace wa Aubameyang kyaftin. Wasu suka ce gefe ɗaya aka nuna, kuma ƙorafinsu na da tushe, domin ba a ji ta bakin Aubameyang sosai ba.