Dokin da Ba Ya Haniniya: Abin da Ake Jira Ferrari Ya Bayyana

A ranar 9 ga Oktoba, 2025, kamfanin Ferrari ya tara masu hannun jari da 'yan jarida a Maranello, ƙaramin garin da ke arewacin Italiya inda yake ƙera motocinsa, domin ya gabatar da motarsa ta farko mai aiki da lantarki zalla. Sai dai abin da aka yaye wa mayafi a ranar ƙwarangwal ne kawai: shasi da batir da injinan lantarki, babu gangar jiki, babu kujeru, babu farashi. Sunan da aka kira ta da shi a lokacin shi ne Elettrica. Kamfanin ya yi alkawarin nuna cikinta a farkon 2026, ya nuna ta ɗungurungum kafin tsakiyar shekarar, sannan masu saye su fara karɓa can wajen ƙarshenta.

Tun daga nan aka shiga hasashe. Masu ɗaukar hoto suna ta bin motocin gwaji da aka lulluɓe da jikin aro a titunan Maranello, masu sharhi kuma suna auna tsawon inuwa don su gano siffar mai ita. Hasashen yana da daɗi, amma yawancinsa ya karkata ga abin da bai fi muhimmanci ba. Ranar ƙaddamarwa za ta amsa wata tsohuwar tambaya da kamfanin ya shafe kusan shekara tamanin bai taɓa fuskantarta kai tsaye ba: idan aka cire inji mai shan fetur daga cikin Ferrari, mene ne ya rage da mutum zai biya maƙudan kuɗi a kansa?

Alƙaluman gudu dai an riga an faɗe su. Motar tana da injinan lantarki huɗu, kowace taya da nata, kuma jimillar ƙarfinsu ya haura doki 1,000. Za ta tashi daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 2.5, iyakar gudunta kilomita 310 a awa. Batirinta yana ɗaukar kWh 122, wanda aka ce zai kai ta fiye da kilomita 530 a caji ɗaya. Da a ce shekara goma sha biyar da suka wuce aka karanto waɗannan alƙaluma, da an yi ta jinjina. A yau kuwa ba sa girgiza kowa, kuma dalilin yana cikin yadda injin lantarki yake aiki.

Injin fetur ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai ya hau juyawa sosai, shi ya sa ake haɗa shi da giya. Ƙera wanda zai yi juyi dubu takwas ko tara a minti ɗaya ba tare da ya tarwatse ba sana'a ce ta shekaru, wadda kamfanoni ƙalilan suka gada. Ferrari ya fara ta ne tun 1947 da motar 125 S mai silinda goma sha biyu. Injin lantarki kuwa yana sakin ƙarfinsa tun daga juyin farko, kuma kayan haɗinsa, wato wayar tagulla da maganaɗisu da batir da manhajar da ke sarrafa su, suna samuwa ga duk kamfanin da ke da jari. Sakamakon haka shi ne gudu ya yi araha. A watan Fabrairun 2025, Xiaomi na ƙasar Sin, wanda duniya ta fi sani da wayoyin hannu, ya fitar da SU7 Ultra mai ƙarfin doki fiye da 1,500 a kan yuan 529,900, kuɗin da bai kai yuro 75,000 ba. A watan Satumban shekarar kuma, motar Yangwang U9 Xtreme ta kamfanin BYD ta yi gudun kilomita 496 a awa a filin gwaji na Papenburg da ke Jamus. Duk wanda gudu kaɗai yake nema, ya san inda zai same shi a kan kaso kaɗan na kuɗin Ferrari.

Shugabannin Maranello sun san da wannan, kuma alamar saninsu ita ce irin motar da suka zaɓi su fara da ita. An tabbatar cewa ƙofa huɗu gare ta, nauyinta kuma kimanin kilo 2,300. Wannan nauyi ne mai yawa ga kamfanin da ya gina sunansa a kan motoci marasa nauyi masu kujera biyu, kuma batir ne ya jawo shi. Saboda haka hasashe na farko da za a iya tsayawa a kansa shi ne, abin da za a gani zai fi kusa da Purosangue, doguwar motar nan mai ƙofa huɗu da aka fitar a 2022, fiye da motocin tsere. Dabara ce ta kauce wa kwatance. Da an yi ta mai kujera biyu, da kowa ya jera ta kusa da 'yan'uwanta masu fetur ya ce ta fi su nauyi, ta kasa su armashi. Da aka yi ta motar tafiya mai nisa, wadda za a shiga da iyali, sai nauyin ya zama abin da ake yafewa, shirun injin ma ya zama abin so.

Hasashe na biyu ya shafi sauti, kuma a nan ne zuciyar lamarin take. A 2016, Sergio Marchionne, wanda ke shugabantar kamfanin a lokacin, ya nuna cewa tunanin yin Ferrari mai lantarki abu ne da ya kusa zama abin kunya, kuma hujjarsa ita ce ƙarar inji. Tambarin kamfanin baƙin doki ne da ya yi tsaye a kan ƙafafun baya, masu sayensa kuma sun saba jin haniniyarsa tun kafin su hango shi. Wasu kamfanoni sun magance wannan rashi da kwaikwayo: Hyundai Ioniq 5 N tana fitar da ƙarar injin fetur ta lasifika, har da kwaikwayon canjin giya, Dodge Charger Daytona a Amurka ma tana fitar da ƙarar kwaikwayo. Ferrari ya ce shi ba zai bi wannan hanya ba. Ya sanya na'urar da ke jin girgiza a sashen tayoyin baya, tana ɗauko ainihin rawar da ƙarfen injin yake yi, sannan a ƙara mata amo, kamar yadda ake yi wa tsirkiyar jita mai lantarki. Sautin zai fito ne lokacin da direba yake bukatarsa, a tafiyar yau da kullum kuma motar ta yi shiru.

A takarda hujjar tana da ƙarfi, domin sauti a motar gudu ba ado ba ne kawai. Da kunne direba yake sanin inda inji ya kai ba tare da ya ɗauke ido daga titi ba. An kuma ƙara wani tsari a bayan sitiyari, inda direba zai riƙa hawa matakai biyar na ƙarfi da yatsunsa, don hanzarin motar ya riƙa zuwa daki-daki maimakon ya zubo gaba ɗaya. Amma kunne ba ya karɓar hujja. Ko dai sautin ya sa tsigar jiki ta tashi, ko kuma ya yi kama da kukan na'urar niƙa mai tsada. Bidiyon ranar ƙaddamarwa ba zai warware wannan ba, tunda kamfanin ne zai tace shi. Sai motar ta shiga hannun waɗanda ba ma'aikatan Ferrari ba za a ji gaskiyarta.

Na uku shi ne cikin motar. Ferrari yana aiki tun 2021 da LoveFrom, kamfanin zane na Jony Ive, mutumin da ya jagoranci tsara siffar iPhone, tare da abokin aikinsa Marc Newson. Da jin haka mutane da yawa suka ɗauka za a ga wani makeken allon taɓawa irin na Tesla. Alamu sun fi nuna akasin haka. A motar Amalfi da ya fitar a watan Yulin 2025, Ferrari ya dawo da maɓallai na zahiri a kan sitiyari, bayan masu motocinsa sun yi ta ƙorafi a kan na taɓawa. Hukumar Euro NCAP mai auna lafiyar motoci a Turai ita ma ta fara la'akari da samuwar irin waɗannan maɓallai daga 2026. Akwai kuma dalilin kasuwa: allo kowa yana iya sayowa ya liƙa, kuma cikin shekara biyar yake tsufa. Maɓallin ƙarfe da aka sassaƙa da kyau yana nan yadda yake bayan shekara talatin. Idan inji ya daina zama abin da ke bambanta mota da mota, dole bambancin ya koma ga abin da hannu yake taɓawa.

Maganar tsufa ita ce ta kai ga hasashe na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito a 2024 cewa farashin motar ba zai gaza yuro 500,000 ba. Masu sayen Ferrari ba tsada ce ke tsorata su ba, faɗuwar daraja ce. A 2024 motoci 13,752 kacal kamfanin ya miƙa wa masu saye a duk duniya, kuma mafi yawansu sun tafi ne ga mutanen da dama suna da wata Ferrari a gareji. Ƙarancin da gangan ne, domin shi ke riƙe darajar tsofaffin motocin. A 2018 an yi gwanjon wata 250 GTO ƙirar 1962 a kan dala miliyan 48.4. Injin fetur na shekara sittin bakanike mai haƙuri yana iya tayar da shi. Batir kuwa sinadari ne da ke raguwa ko ana hawa ko an ajiye, fasaharsa kuma tana sauyawa da sauri ta yadda na bana yake mayar da na bara tsohon yayi. Porsche ya ɗanɗani wannan: darajar Taycan ta hannu ta faɗi ƙwarai, cinikin sababbinta kuma ya ragu da kusan rabi a 2024. A 2024 Lamborghini ya ɗage motarsa ta lantarki zuwa 2029. Mate Rimac, wanda ya ƙera Nevera, ya fito fili ya ce manyan attajirai sun fi son injin fetur.

Don haka abin da ya kamata a kasa kunne a ji a ranar ƙaddamarwa yana cikin ƙananan rubutun da ba a cika karantawa ba: shekara nawa ne garantin batir, nawa ne kuɗin sauya shi, kuma ko kamfanin zai ɗauki alkawarin samar da sabo ga motar da ta shekara ashirin. Ferrari yana sayo ƙwayoyin batirin ne daga waje, amma a Maranello yake harhaɗa su, a sabon ginin da ya buɗe a watan Yunin 2024, kuma ya ce an tsara batirin yadda za a iya cire shi a gyara. Idan aka mayar da wannan magana rubutaccen alkawari mai tsawon zango, to an amsa babbar damuwar masu saye. Idan aka bar ta a baki, masu tara motoci za su lura.

Kamfanin da kansa bai zuba ƙwansa duka a wannan kwando ba. A 2022 ya yi hasashen cewa zuwa 2030 kashi 40 cikin 100 na nau'o'in motocinsa za su zama masu lantarki zalla. A taron Oktoban 2025 ya rage zuwa kashi 20, ya bar 40 ga masu fetur, 40 ga masu haɗa fetur da lantarki. A ranar hannun jarinsa ya faɗi da kimanin kashi 15, ko da yake abin da ya ɓata wa masu jari rai shi ne hasashen kuɗin shiga na 2030 da suka ga ya yi ƙasa da tsammaninsu. Janyewa gaba ɗaya kuma ba ta da sauƙi, domin dokar da Tarayyar Turai ta zartar a 2023 ta nufi kawo ƙarshen sayar da sababbin motoci masu fitar da hayaƙi daga 2035, duk da matsin lambar da ake yi a sassauta ta.

Mai yiwuwa ne ƙwarai a sanar, jim kaɗan bayan ƙaddamarwa, cewa odar shekarar farko ta cika. Wannan labari ba zai tabbatar da komai ba, domin a tsarin Ferrari wanda yake son a kira shi idan an fitar da mota ta musamman yakan sayi abin da aka miƙo masa don ya ci gaba da zama a sahun gaba. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Ma'aunin gaskiya guda biyu ne, kuma dukansu sai an jira: yawan waɗanda za su saye ta alhali ba su taɓa mallakar Ferrari ba, da kuma farashin da za a taya ta farko da za ta dawo kasuwa bayan shekara uku, da kilomita dubu ashirin a agogonta.