Mitar gidanmu ta Sama Road

A Ingila an daɗe ana amfani da mitar da ake jefa wa sule. Kuɗi na ƙarewa gas ko wuta ta yanke, ko da tukunya na bisa wuta, sai uwa ta shiga laluben canji. Mu a Sakkwato ba mu tashi da irin wannan ba. Tamu mitar baƙa ce, da wani faifai a ciki yana juyawa. A gidanmu na Sama Road tana manne a bangon zaure, mu yara mukan tsaya kallonta. Da an kunna dutsen guga sai faifan ya kama gudu, Baba ya ɗaga murya daga ɗaki, "Wa ya jona wani abu?" Ƙarshen wata mai karanta mita ya zo da littafinsa, bil ya biyo baya, a soke shi a ƙusa tare da na baya.

Gas kuwa ba mu san shi ba. Itace ne, sai risho da kananzir.

An kafa hukumar wutar lantarki ta NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, a 2013 aka sayar da kamfanonin rarraba wuta, Sakkwato ta faɗo ƙarƙashin na Kaduna tare da Kebbi da Zamfara. Tsofaffinmu har gobe NEPA suke cewa.

Yanzu da mita mai kati ta shigo, mun iso inda Turawan can suka baro. Ka sayi wutar da aljihunka zai iya, ka danna lambobi 20, ka zuba ido yunit na raguwa. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, mita ta fara kuka tsakar dare, ga jariri ƙarƙashin fanka: duk magidancin da ya ji wannan kukan ya san ciwonsa. Gas ɗin ma kilo ɗaya-ɗaya ake ɗurawa.

Duk da haka ni ina bayan mita mai kati. Gara mutum ya ga abin da ya sha da idonsa da a yanko masa bil da ka. Abin da ke damuna gidajen haya ne, ɗaki shida mita ɗaya, mai ƙwan fitila guda yana karo-karo daidai da mai firji da hita. Na ga maƙwabtan shekara da shekaru sun daina gaisawa a kan wannan. Masu gidajen haya, don Allah ku raba wa kowane ɗaki tasa.