Bin Sawun Saƙon da Ya Ɓata

Duk Bahaushen da ya taso a Kudu ya san yadda iyayenmu suke aika saƙo gida. A rubuta wasiƙa a Sabon Ibadan ko Agege, a kai tasha a damƙa wa direba, shi kuma idan ya isa Kano ya bar ta wurin ɗan kamasho, ɗan kamasho ya miƙa wa wani mai shago ɗan unguwar wanda aka yi wa saƙon. Idan wata biyu suka wuce ba amsa, dattijon kirki ba ya fara da cewa ɗan'uwansa ya yi watsi da shi. Tasha yake komawa ya tambayi direba wa ya ba, sannan a bi hannu-hannu har a gano inda takardar ta maƙale. To, ya kai mai karatu, wannan tsohuwar dabara ce na tarar a wurin da ban taɓa zato ba, wato a cikin tarihin kwamfuta.

A darasin fassara, malaminmu ya ce kowa ya nemo rubutun fasaha ya mayar da shi Hausa. Ni na ɗauko wani bayani a kan abin da ake kira BBS, wanda na fassara da allon sanarwa na kwamfuta. Ward Christensen da Randy Suess ne suka buɗe na farko a birnin Shikago na Amurka, a watan Fabrairun 1978. Kwamfuta ce guda ɗaya a gidan mutum, an haɗa ta da layin tarho. Mai son karatu sai kwamfutarsa ta buga lambar, ya karanta abin da wasu suka bari, ya rubuta nasa, ya sauka domin wani ya samu layi. A 1984 Tom Jennings ya ƙirƙiro FidoNet, tsarin da ya sa allunan suke kiran juna da dare, lokacin da kuɗin waya ke da sauƙi, suna musayar ƙunshin saƙonni. A 1986 Jeff Rush ya ƙara masa hanyar raba tattaunawa fanni-fanni, yadda abin da aka rubuta a allo ɗaya zai bayyana a duk allunan da suka nemi wannan fanni. A tsakiyar shekarun 1990 allunan da ke cikin tsarin sun kai kusan 40,000, an kuma raba duniya shiyya shida, Afirka ce ta biyar.

Kamar wasiƙar tasha, saƙon ba ya zuwa kai tsaye. Kowane allo yana da na gaba da shi wanda ke ba shi saƙonni, kuma wannan na gaban yana riƙe da jerin sunayen waɗanda zai tura wa kowane fanni. A nan na fara karo da matsalar fassara. Kalmar da Turawa suke amfani da ita wajen shiga wannan jeri ita ce dai wadda suke faɗa idan mutum ya biya kuɗin jarida na shekara, shi ya sa wasu ke fassara ta da "biyan kuɗi". Amma a nan ba biyan kuɗi ake nufi ba. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya sa sunansa a jeri, don haka na kira shi "sa suna", kishiyarsa kuma "cire suna". Da ban tsaya na fahimci yadda abin yake aiki ba, da ƙamus kaɗai ba zai fitar da ni ba.

Babbar masifar wannan tsari ita ce shiru. Idan saƙo ya daina zuwa, babu ƙararrawar da za ta buga. Mai karatu zai yi tsammanin mutane ne suka daina rubutu, alhali ana can ana ta muhawara ba shi. Sai an yi mako biyu ko uku wani ya ambaci wata magana da bai gani ba, sannan hankalinsa ya tashi.

Abin da ya burge ni shi ne tsarin da masu kula da allunan suke bi wajen bincike. Tambayar farko ita ce: mutum ɗaya ne ba ya gani, ko kowa da kowa? Idan mutum ɗaya ne, to saƙon ya iso. Allon yana ajiye wa kowane mai karatu alamar inda ya tsaya, kamar tsinken da muke sa wa a littafi. Idan aka share tsofaffin saƙonni aka sake ba sauran lambobi, alamar tana iya zama a kan lamba 900 alhali sabon saƙo yana kan 300, sai allon ya riƙa ce masa babu sabon abu. Maganinsa kawai a dawo da alamar baya.

Idan kuwa kowa ne ba ya gani, sai a tambaya: fanni ɗaya ne ya tsaya, ko duka? Idan duka ne, akan duba littafin da kwamfutar ke rubuta duk kiran da ta yi. Wataƙila kiran dare bai shiga ba, ko kuma kalmar sirrin da ke tsakanin allunan biyu ta saɓa, sai aka riƙa ajiye ƙunshin a gefe ba a buɗe ba. Idan fanni ɗaya ne, sau da yawa suna ne ya faɗi daga jeri lokacin da na gaba ya sake tsara kwamfutarsa. Akwai wata manhaja mai suna AreaFix da akan aika wa saƙo a tambaye ta jerin fannonin da mutum yake ciki. Idan babu wanda ake nema, sai a rubuta alamar tarawa da sunan fannin, ta mayar da mutum, har ma a roƙe ta ta sake turo waɗanda suka wuce. Har ila yau, harafi ɗaya da ya saɓa a sunan fannin ya isa ya sa saƙonni su taru a ma'ajiyar waɗanda ba a san wurinsu ba.

Akwai kuma wanda ya fi ba ni mamaki. A ƙasan kowane saƙo akwai layukan da ke nuna allunan da suka riga suka gan shi da hanyar da ya biyo, domin kada ya yi ta zagaye. Idan aka sa lambar allonka cikin waɗanda suka gani bisa kuskure, to babu mai turo maka, tunda a wurinsu ka riga ka samu. Amma waɗannan layukan su ne kuma shaidar da ake karantawa a gano hannun ƙarshe da ya riƙe saƙon.

Yau intanet ta maye gurbin allunan, ko da yake akwai tsirarun masu sha'awa da suke riƙe da FidoNet har yanzu. Sai dai shirun bai tafi ba. Na ga yadda aminai biyu a ajinmu suka yi kwanaki ba sa gaisawa, saboda ɗaya bai ga sanarwar canjin ɗakin jarrabawar gwaji ba, ya ɗauka da gangan ɗayan ya cire shi. Da aka duba, ashe layin waya ya sauya, sabuwar lambar kuma ba ta cikin jeri. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle ga shi bai zama ba.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da abu biyu. Na farko, idan saƙo ya yi shiru, mu fara dubawa daga wajenmu, mu tambayi na kusa ko shi ya gani, mu tuna ranar da muka ga na ƙarshe, kafin mu ɗora wa kowa laifi. Na biyu, mu da muke karatun harshe, mu ne za a tambaya gobe yadda ake faɗin waɗannan abubuwa da Hausa. Kada mu ba da kalma sai mun san aikin da take yi, domin fassarar da aka yi ba tare da fahimta ba ita ma saƙo ce da ba ta isa ga mai ita ba. Allah ya sa mu dace.